Gyaran Bango da Fenti a Gidan Haya: Nauyin Wa?

Sau da yawa rigimar mai gida da ɗan haya a ranar tashi a kan bango take. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta raba nauyin gida biyu: gyaran waje da wuraren tarayya na mai gida ne, kula da ciki kuwa na ɗan haya, ban da tsufan yau da gobe. Ke nan fentin da shekaru suka koɗar ba laifinsa ba ne, amma ramukan da ya huda shi zai toshe.

Haka kuma dokar ta hana sauya fasalin gini sai da rubutaccen izinin mai gida. Wanda ya inganta gida da izini, sannan aka tashe shi, yana iya neman diyyar aikin da ya yi.

Saboda haka ya kamata ɗan haya ya ɗauki hoton bango ranar shiga, ya adana rasit. Kada kuma ya shafa fenti a bango mai danshi kafin a toshe yoyo, domin ɓarewa zai yi, kuɗi su salwanta.