Cin abinci mai kyau a wuraren wasan da suka hana shiga da abincin gida

Manyan wuraren wasa da shaƙatawa, irin masu lilo da majaujawa da jiragen da ke sheƙa gudu a kan dogo mai lanƙwasa, da yawansu ba sa barin mai ziyara ya shiga da abinci daga waje. Tun a bakin ƙofa ake buɗe jaka a duba, in an ga kula ko ƙullin abinci sai a ce a mayar mota. Masu wuraren kan kafa hujja da tsabta, da haɗarin fasassun kwalabe, da gudun kada wani ya ci abin da ya lalace a ɗora musu alhaki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalili shi ne ciniki, domin bayan kuɗin tikiti, sayar da abinci da abin sha na daga cikin manyan hanyoyin da suke samun kuɗi. Iyalin da za su wuni a ciki dole su ci, kuma abin da aka jera musu shi za su saya.

Ƙa'idar ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Amurka wuraren kamfanin Six Flags sun hana abincin waje, in ban da na jarirai da na masu lalura. Universal da ke Orlando yana barin ruwan gora da ƙananan kayan taɓawa waɗanda ba sa buƙatar ɗumamawa, amma ba cikakken abinci ba. Wuraren Disney na Fulorida da Kalifoniya kuwa suna barin mutum ya shiga da abincinsa, muddin ba a kwalbar gilashi yake ba. Na Shanghai a ƙasar Sin ya hana a da, sai a 2019 wata ɗalibar koyon aikin lauya ta maka kamfanin a kotu, aka yi ta ce-ce-ku-ce, cikin watan Satumba na shekarar ya sassauta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda iyalai da yawa daga Nijeriya da Nijar ke kai yara hutu, wurare irin su Ferrari World a Abu Dhabi da IMG Worlds of Adventure a Dubai ba sa barin abincin waje. A gida ma, wuraren wasan da ake cika lokacin bukukuwan sallah kowane da tsarinsa. Saboda haka aikin farko shi ne a tambayi ƙa'idar wurin tun kafin a sayi tikiti, kada a je bakin ƙofa ana jayayya da mai gadi ga yara suna kallo.

Mai cikakkiyar lafiya ba zai cutu ba don ya ci boga da soyayyen dankali rana ɗaya. Jiki yana lissafi ne da abin da aka saba ci mako da mako, kuma babu amfanin a mayar da ranar farin cikin yara ranar faɗa a kan askirim. Waɗanda wunin ke iya yi wa illa su ne mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, yaro mai sikila, wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci kamar gyaɗa ko madara, da ƙananan yara. Masu ba marasa lafiya shawara kan cimaka sun saba ganin sakamakon bayan kowane hutu: sugan da aka daɗe ana lallaɓawa ya haura, ƙafa ta kumbura saboda gishiri, ko an kwantar da yaro mai sikila saboda ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Abin takaicin shi ne yawancin wannan ana iya kauce masa da ɗan shiri kaɗan.

Mutane da yawa ba su san cewa kusan duk wurin da ya hana abinci yana da sassauci ga masu lalura ba. Abincin jariri, madararsa, da abin da mara lafiya ke buƙata, galibi ana barin su shiga in an yi bayani. A Amurka dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta wa wuraren da jama'a ke shiga su sassauta ƙa'idojinsu gwargwadon hali saboda irin waɗannan mutane. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira ofishin kula da baƙi kwana ɗaya ko biyu kafin zuwa, a riƙe takardar likita, a zuba abincin a ƙaramar roba mai nuna abin da ke ciki, sannan a bayyana shi a ƙofa tun kafin a tambaya. Ɓoye abinci a ƙasan jakar kayan jariri ba dabara ba ce. In an gano, wanda ke da haƙƙi na gaskiya ya jawo wa kansa zargi, kuma mai yiwuwa a karɓe abin da lafiyarsa ta dogara a kai.

Shiri na biyu a gida ake yinsa. Wanda ya shiga wurin wasa da yunwa, ƙamshin suya ne zai zaɓa masa abin da zai ci. Karin kumallo mai riƙe ciki shi ke hana haka, wato wanda ya haɗa abinci mai gina jiki da mai harza: ƙwai da doya, alale, wake, ɗumamen tuwo da miyar ganye, ko fura da nono ba tare da an zabga suga ba. Shayi da farin burodi kaɗai ba sa kai mutum ko'ina, kafin hantsi ya dubi ludayi yaro ya fara ƙorafin yunwa a tsakiyar layi.

Babbar matsalar tana cikin kofi, ta fi ta faranti. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da kimanin giram 10 zuwa 11 na suga a kowane mililita 100, ke nan gorar rabin lita ta haura giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga babba wannan kimanin giram 50 ne, cokalin shayi 12, kuma ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Gora ɗaya ta cinye rabon wuni, na yaro kuwa bai ma kai haka ba.

Wurare da yawa suna sayar da wani babban kofin roba mai murfi da tsinken zuƙa, an zana masa hoton wurin, a ce duk wanda ya saya zai riƙa cikawa har yamma ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko da ɗan kuɗi kaɗan. Uba yana ganin ya yi arha. Kofin na rataye a wuyan yaro, ana zafi, duk inda aka wuce injin lemo sai a sake cikawa don kada kuɗin ya tafi a banza. Kofin da ya kusa lita ɗaya, ko da ƙanƙara ta ci wani ɓangarensa, in aka cika shi sau uku an sha suga ninkin-ba-ninkin abin da ya kamata. Ga shi suga na ruwa ba ya ƙosarwa, yaron zai nemi abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Daskararren lemo mai launi, da lemon 'ya'yan itace na kwali, da shayi mai sanyi na gora, duk tafiyarsu ɗaya. Masu cewa ai yawon da aka sha ya ƙone komai su duba lissafin: babba mai matsakaicin nauyi yana ƙona kalori 60 zuwa 70 ne a tafiyar kilomita ɗaya, lita ɗaya ta lemo kuwa ta haura kalori 400.

Ruwa shi ne abin shan wunin. Wurare da yawa suna barin a shiga da gorar ruwa ko gora marar komai a cika a famfon ciki, kuma a manyan wuraren Amurka in aka roƙi kofin ruwan sanyi a kantin abinci ana bayarwa kyauta. Yaro in wasa ya ɗauke masa hankali ba ya cewa yana jin ƙishi, sai an riƙa miƙa masa bayan kowane lilo ɗaya ko biyu. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Ga mai sikila wannan ba abin wasa ba ne, domin ƙarancin ruwa da gajiya da shiga sanyi daga zafi kai-tsaye suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa shi kuma ya tsaya a kan adadin da aka ba shi.

In lokacin abinci ya yi, kantin da ya fi kusa da ƙofa ko da babban lilo ba lallai ne ya fi ba. Taswirar wurin ko manhajarsa tana nuna duk gidajen abinci, kuma sau da yawa akwai wanda ke can gefe mai gasasshiyar kaza, shinkafa da wake, kifi, ko salak. Gasasshe ya fi wanda aka tsoma a ƙullu aka soya. Bama da sauran miyar da ake kwararawa a kai a ce a sa su a gefe, mutum ya ɗiba da kansa, don salak da aka nutsar a bama ba shi da wani fifiko a kan boga. Faranti a irin waɗannan wurare babba ne, biyu kan ishi mutum uku, kuma abincin da aka tsara wa yara sau da yawa ya wadatar da babba. A Amurka tun 2018 gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye dole su rubuta kalori a jikin jerin abincinsu, a Ingila ma manyan kamfanoni sun fara haka a 2022. Inda aka rubuta, a duba.

Gishiri ya fi suga ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, ƙasa da cokalin shayi ɗaya, amma sosej da fiza da cuku da naman da aka jiƙa a ruwan gishiri kafin a gasa suna iya cinye wannan a zama ɗaya. Mai hawan jini ya zaɓi abu ɗaya mai gishiri a wunin, ya sha maganinsa a kan lokaci, ya kuma karanta allon gargaɗin da ke bakin manyan jirage, wanda kan hana masu hawan jini da ciwon zuciya da mata masu juna biyu hawa. A ƙasashen da ba na Musulmi ba akwai kuma batun halal: sosej da yankakken naman da ake jerawa a kan fiza galibi na alade ne ko gauraye, wasu alawoyi masu danƙo ma da sinadarin da aka samo daga alade ake yinsu. Kifi da abincin ganye sun fi sauƙin sha'ani, kuma tambaya ba abin kunya ba ce.

Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamid yana fuskantar haɗari biyu, hawan suga da faɗuwarsa, kuma faɗuwar ta fi gaggawa. Tafiya mai yawa da jinkirin abinci saboda dogon layi su ke jawo ta. Alamunta rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri da ruɗewa. In awon suga ya nuna ƙasa da 70, a sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini, a jira minti 15 a sake aunawa. A nan lemon kwalba magani ne, kimanin mililita 150 ya isa, amma ba wanda aka rubuta babu suga ba. Cakulan da askirim suna da maiƙo, ba sa aiki da sauri. Saboda haka ƙwayoyin gulukos ko 'yan alawoyi su zauna a aljihunsa, ba a akwatin ajiya ba, kuma wanda suke tare ya san inda suke. Insulin ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, kada a bar shi a mota. A sa shi a jakar sanyaya, ko a tambayi ɗakin agajin gaggawa na wurin, domin da yawansu suna da firjin ajiye magani.

Yara 'yan ƙasa da shekara huɗu ko biyar suna da nasu haɗarin. Gugguru, gyaɗa, inabi guda-guda, alawa mai tauri da sosej da aka yanka zagaye suna iya maƙale musu a maƙogwaro, musamman in suna ci suna gudu. A zaunar da su su ci. Abin marmari kuwa, a yi yarjejeniya tun a mota cewa kowa zai zaɓi ɗaya bayan an ci abincin rana, ko askirim ko alawar auduga. Bayan cin abinci mai nauyi a fara da wasanni masu sauƙi kafin a koma masu juya mutum, don gudun amai.

Wurare da yawa suna buga wa mutum hatimi a hannu ko su duba tikitinsa ya fita ya dawo, wasu ma sun tanadi rumfuna da tebura a wajen ƙofa. Iyali na iya fita da azahar su yi salla, su ci abin da suka taho da shi, su koma. Sai dai motar da ta wuni a rana kamar tanda take. Ƙa'idar tsabtar abinci ita ce dafaffe kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya kacal. Shinkafa da miya, dafaffen ƙwai, alale, nono da duk abin da aka sa wa bama sai a cikin akwatin sanyi mai isasshiyar ƙanƙara, ko kula mai riƙe zafi sosai. In babu waɗannan, a taho da abin da ke jure zafi: lemon zaƙi da tuffa da ba a yanka ba, dabino, soyayyar gyaɗa marar gishiri ga manya, burodin alkama, da kifin gwangwani da za a buɗe a lokacin ci.