Haɗarin da ke Jiran Jami'i a Ɗakin Dafa Ƙwaya

Tun daga 2011, lokacin da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta fara gano ɗakin dafa ƙwayar metamfetamin a Legas, har zuwa 2016 da aka kama mutanen Meziko huɗu a wata babbar masana'antarta a Asaba, jami'an tsaro sun saba shiga irin waɗannan wurare da shirin fuskantar ɗan bindiga, alhali kuwa mafi yawan sharrin yana cikin iskar ɗakin.

Sababin haka shi ne masu wannan sana'a sukan haɗa jan fosfaras da aidin su ɗora a wuta, idan zafi ya wuce kima kuwa sai iskar fosfin ta tashi, wadda warinta yake kama da na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Illarta tana iya jinkiri, domin mutum yakan fito lafiya lau, ya yi sallar azahar, ya ci abinci, sai cikin dare ruwa ya taru masa a huhu, numfashi ya gagara. Ga kuma ammoniya mai ƙona ido da maƙogwaro, ga turirin asiton wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar masa da gobara.

Saboda haka, ya kai jami'i, idan ka tarar da tukwanen gilashi a kan wuta, da robobi jere, da tagogi a toshe, wajibi ne ka kama wanda za ka kama ka fito, ka bar ragowar aikin ga masana sinadarai. Kada ka taɓa makunnin lantarki, kada ka rufe ruwan da ke sanyaya tukunyar, kada kuma ka buɗe kwalba ka sansana, ɗabi'ar da wasu ke ɗauka ƙwarewa ce, ni kuwa ganganci nake kiranta. Takunkumin asibiti ba ya tare wannan iska ko kaɗan, sai abin numfashi mai tulun iskarsa.

Bayan an fito, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a ƙulle tufafi da takalma a leda, kada a kai su gida inda yara ke rarrafe. Wanda ya ji tari ko ƙuncin ƙirji ya tafi asibiti nan take, ya bayyana wa likita inda ya shiga.