Shawarwari ga gidan da ke da mai shirin tseren gudu

A ƙasar Arewa, daga Dumega zuwa Tibiri har Dogon Dutsi, in aka ga magidanci yana gudu da sassafe sai a tare shi da "Lafiya dai?" Ai lafiyar yake nema. Wanda ya ɗaura niyyar shiga tseren kilomita 5 ko 10 da samarin gari ko 'yan makaranta suka shirya, a ce don bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, yana buƙatar gidansa ya kama masa.

1. A fara tun saura mako takwas zuwa goma. Kwana uku a mako ya isa. Da farko gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a yi ta maimaitawa har minti ashirin. Kowane mako a ƙara gudun kaɗan. Wanda haki ya hana shi amsa gaisuwa ya yi sauri da yawa, ya sassauta. Noma na ba da ƙarfin damtse da baya, amma numfashin dogon gudu sai an gina shi daban, shi ya sa manomi ƙaƙƙarfa kan sare a kilomita na biyu.

2. Bayan sallar asuba ne lokacin gudu. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, gudun rana kuwa kasada ce da rai. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, a huta.

3. A lura da ƙasar da ake takawa. Yashin Dallol Mawri na ƙarfafa ƙafa, amma yana gajiyar da agara, kuma in tseren a kan kwalta ko jan birji za a yi, sai ƙafa ta saba da ƙasa mai tauri. A riƙa haɗa biyun. Mai gudu a bakin babbar hanya ya fuskanci motocin da ke tahowa, da riga mai haske, saboda manyan motoci da 'yan kabu-kabu.

4. Takalmin gwanjo ya wadatar in bai matse yatsu ba. Kada a sa sabo ranar tsere.

5. Uwargida, abincin gida ya isa: tuwo ko shinkafa da wake da dare, kunu kaɗan awa biyu kafin tsere, fura da nono bayan an dawo. In zufa ta yi yawa, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ƙwaya irin su tramol kuwa, in an gan ta a aljihun yaro, a zauna da shi ranar nan. Ciwo take rufewa har jiki ya lalace ba a sani ba.

6. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon sukari ko sikila, ya je asibiti a auna shi tukuna. Mai masassara ba ya gudu. Ciwon ƙirji ko jiri a hanya, a tsaya nan take.

7. 'Yan mata ma a bar su. Su fita su uku ko huɗu, da yayansu a baya kan keke.

8. Ranar tsere kada a biye wa yaran da za su fyalla a guje tun farko. A tsayar da ƙane da gorar ruwa a tsakiyar hanya, wani kuma ya jira a wurin ƙarewa da dabino.