Kafin A Ce Yaro Ya Ci Amana

Da kaka ta kama, kuɗi sukan kwararo kudancin Kano. Manyan 'yan kasuwar Dawanau suna turo yaransu Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da ƙauyukan Doguwa sayen masara, masu injin casar shinkafa a Tudun Wada suna ƙara ma'aikata, masu shagon taki da maganin feshi a Ƙiru da Bebeji suna bin bashin da suka bayar tun farkon damina. A daidai wannan lokaci ne kuma kuka ɗaya yake yawaita a bakin masu dukiya, wai yaran yanzu ba su da amana. Aikina shi ne duba lissafin ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma a wannan yanki, da tsara musu littafin shiga da fita. Abin da littattafan nan suke nunawa ya sa ba na karɓar kukan yadda ake yin sa. Giɓi dai ana samun sa, babu mai musu. Sai dai ya fi fitowa a inda aka ɗauki yaro aiki ba a yanka masa lada ba, ba a sa ranar lissafi ba, ba a kuma gaya masa lokacin da za a sallame shi ba.

Kowa ya san yadda ake fara irin wannan zama. Uba ne zai riƙo hannun ɗansa ya kawo shi shago, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan." Maigida ya sa albarka, shi ke nan an gama magana. Uban ba zai tambayi nawa za a biya ba, domin kara ta hana shi. Yaron ma ba zai tambaya ba, domin kunya. Za a riƙa ba shi kuɗin abinci da ɗinkin sallah da ɗan abin da aka miƙo ranar da ciniki ya yi kyau. Shekaru su shuɗe, yaro ya zama magidanci, miliyoyin naira suna bi ta hannunsa a kasuwa guda, alhali bai san abin da zai shiga aljihunsa a ƙarshen wata ba. Ranar da iyalinsa ta haihu ko mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, hanya biyu ce a gabansa: ya durƙusa ya roƙi abin da yake ganin guminsa ne, ko ya ɗauka a ɓoye. Da yawa sukan fara da ɗora ɗan wani abu a kan farashin kowane buhu, ko su ƙara a kuɗin dako da na mota, ko su karɓi la'ada daga dillali ta bayan fage. A zuciyarsa kuwa ba sata yake kiran abin ba, cewa yake yi haƙƙinsa ne da maigida ya danne.

Wannan hali bai tsaya kan Bahaushe ba. Wani masanin laifuffuka a Amurka, Donald Cressey, ya zanta da fursunonin da aka ɗaure saboda cin kuɗin da aka ba su riƙo, ya fitar da bincikensa a 1953. Ya gano abubuwa uku da sukan haɗu kafin amintacce ya karkace: matsin da ba ya iya faɗa wa kowa, da damar ɗauka ba a gani ba, da hujjar da zai kwantar wa kansa hankali da ita. A 1990 kuma Jerald Greenberg ya bi diddigin wasu masana'antu da aka rage wa ma'aikatansu albashi da kashi 15 cikin ɗari na tsawon mako goma. Sata ta ƙaru, amma a inda shugabanni suka zauna da ma'aikata suka yi musu cikakken bayani cikin mutunci, ƙaruwar ba ta kai ta inda aka sanar da su a gaggauce ba. A duba tsarin shagunanmu da wannan ma'auni. Kunya ta tanadi matsin da ba a faɗa, rashin littafi ya buɗe dama, rashin sanannen lada ya miƙa wa yaro hujja. Maigida da hannunsa ya haɗa ukun, sannan yana mamakin abin da ya biyo baya.

Za a ce mini kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba takarda ba sa hannu, amana kaɗai ta riƙe su. Sau da yawa akan kawo sunan Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a nan Bebeji a 1877, ya yi cinikin goro tsakanin Kumasi da Akara da Legas, ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Gaskiya ne harkarsa ta tsayu ne a kan wakilan da yake damƙa wa kuɗi su shiga ƙauyuka. Amma masu kawo wannan hujja rabin labarin suke faɗa. A tsarin wancan zamani nauyin ubangida sananne ne ga kowa a gari: ya ciyar, ya tufatar, ya ba da wurin kwana, ya yi wa yaro aure, in lokaci ya yi ya yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Attajirin da ya ƙi yin haka sunansa ne zai ɓaci, iyaye su daina kawo masa 'ya'yansu. Yarjejeniya ce cikakkiya ko da ba a rubuta ba, jama'ar gari ne shaidunta. Abin da ya faru a yau shi ne an riƙe biyayyar da ake nema daga yaro, an saki nauyin da ke kan maigida. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari har yanzu sukan yanka shekarun da yaro zai yi kafin a sallame shi da jari, kuma a gaban dangi ake yin maganar. Su ma ana samun saɓani a tsakaninsu, amma akwai abin da za a koma a duba.

Masu ganin rubutu alamar rashin yarda ne su tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai ne farkon waɗanda aka umarta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai ladan ya zama sananne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Abin yana damuna ƙwarai in ga mutum mai kiyaye jam'i da fitar da zakka, amma wanda ya shekara bakwai yana buɗe masa shago bai san matsayinsa ba.

Akwai wata hujja da ta fi ƙarfi, kuma ina ganin girmanta. Mai shago zai ce kasuwa ba tabbas, wanda ya tara masara da tsada a 2024 ya ga yadda farashi ya faɗo a 2025, to da me zai ɗauki alkawarin albashi kowane wata? Amsar ita ce ba dole sai albashi ba. Shari'a ta tanadi ƙiradi: mai dukiya ya kawo jari, yaro ya kawo ƙarfinsa da wayonsa, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. In an yi asara ba da sakacin yaro ba, uwar kuɗi ce ta ragu, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Yaron da ya san sulusin riba nasa ne, shi da kansa zai tsaya a kan awo a Kwanar Ɗangora, ya zazzage buhu ya duba ko an yi algus, ya ja ciniki da mai mota, domin duk nairar da ta zube da tasa a ciki. Wanda aka bari da jiran alherin Alhaji kuwa ba shi da dalilin ƙona kansa a rana.

Akwai kuma masu cewa ɓarawo ɓarawo ne ko nawa aka biya shi. Akwai irin su, kuma rashin adalcin maigida bai halatta wa kowa taɓa dukiyar da ba tasa ba. Sai dai irin waɗannan ma tsari ne yake tona su da wuri. Wanda ke riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai rubuta littafi. A ƙirga kayan sito a rana sananniya, kowane mako ko ranar da kasuwa ta ci, maimakon sai an ji ƙishin-ƙishin. Kuɗin POS da na taransifa su shiga asusun shago, kada su bi ta asusun yaro. Shi ma maigida in ya ɗebi na cefane ko na biki ya rubuta, domin wani giɓin da ake ɗora wa yara daga aljihun mai shagon ya fito, ya ɗiba ya manta. Ƙa'idar nan ta hau kan ƙane da ɗan 'yar'uwa kamar yadda ta hau kan bare, tunda rigimar kuɗi tsakanin dangi ita ta fi wuyar sasantawa a gaban dagaci ko alƙali. Takardar yarjejeniyar da ake bukata tsakanin maigida da yaro ba ta wuce shafi ɗaya ba, da boko ko da ajami: aikin yaro, ladansa ko rabonsa, ranar lissafi, shekarar sallama da abin da za a ba shi, sai sa hannun mahaifinsa ko waliyyinsa da shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.