Harhaɗa Kwamfutar Ofis Da Tsare Ta Daga Zafi Da Ƙura: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

A da, kayan aikin malamin hakimi su ne alƙalami da tawada da littafin haraji. An soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma aikin rubutu bai ragu ba. Takardun cinikin gidaje da filaye, da na sulhu, da wasiƙun da ake aika wa majalisar Sarki, duk ta hannun malami suke bi, yau kuwa da yawansu kwamfuta ke riƙe da su. In ta mutu da su a cikinta, shaidar talaka ce ta salwanta. Saboda haka ya kamata hakimi ya san abin da za a sayo kafin ya ba da kuɗi.

1. Kayan ciki

Na fari shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Kamfanoni biyu ne suka shahara da ƙera ta, Intel da AMD, duka na Amurka. Aikin ofis ba ya bukatar mai tsada. Wadda ƙarfinta bai wuce wat 65 ba, kuma tana iya fitar da hoto da kanta, kamar Ryzen 5 5600G ta 2021, ta wadatar. Iyakar wutar da na'ura ta ci, iyakar zafin da za ta fitar ke nan.

Na biyu shi ne babban faranti, wanda kome ke hawa kansa. Kowace furosesa da irin gurbinta. Gurbin AM4 na 2016 da RAM irin DDR4 yake aiki, gurbin AM5 na 2022 kuwa sai DDR5. Wanda ya sayi ɗaya ba tare da ya duba ɗayan ba, ya ɗinka riga bai auna wuya ba.

Na uku RAM, inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da ke hannu. Gigabait 8 na iya ɗaukar aikin wasiƙu, 16 ya fi sakewa.

Na huɗu ma'ajiya. A zaɓi SSD, gama ba abin da ke juyawa cikinta, ta kuwa fi tsohon faifai sauri nesa.

Na biyar akwatin raba wuta. Nan ne mutane suka fi yin tsumulmula, nan ne kuwa arha ba ta ado, domin in ya ƙone yakan tafi da sauran kayan. A nemi mai tambarin 80 Plus, na wat 400 ko 450. In malami ya tafi Titin Beirut ko wata kasuwa sayayya, lalle ya sa a gwada kome a gabansa, ya karɓi rasit.

2. Zafi

Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗaki take turawa. A ɗakin da zafinsa digiri 20 ne, kamar a Ingila, furosesa na iya tsayawa a digiri 75. A Kano cikin watan Afrilu zafi yakan kai 38 ko fiye. Bambancin nan na digiri 18 kan furosesa zai hau, ta kai 93. Da ta kusa 95 ko 100 sai ta rage gudu don ta tsira, in abin ya ci tura ta kashe kanta.

To, magabata sun riga sun koyar da dabarar. Soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano sanyi da rana, can ya dace a ajiye kwamfuta, nesa da inda rana ke faɗowa ta taga. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. A ɗora wa furosesa ƙarfen zuƙe zafi mai fanka ta milimita 120, a ɗiga man da ke haɗa su misalin ƙwayar wake, kada a cika. Akwai masu sanyaya ta da ruwa, amma famfon yakan mutu, ruwan kuma yana iya yoyo. Ofishin hakimi ba ya bukatarsa.

3. Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga Hamada, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. In ta kwanta kan ƙarfen zuƙe zafi, sai ta zama masa bargo. Maganinta shi ne fankoki biyu a gaba masu jawo iska ta cikin rariya, ɗaya a baya mai fitarwa. Da yake mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun hanya ta ƙananan kafofi. A ɗora akwatin bisa tebur, ban da ƙasa inda ake shara. A wanke rariyar kowane mako cikin hunturu, ta bushe sarai kafin a mayar.

Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara wuta a jikin mutum, irin tartsatsin da kan fita daga bargo da dare. Wannan na iya kashe RAM. Mai harhaɗawa ya zare wayar wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin tukuna, sa'an nan ya kama kayan ta gefe.

4. Wutar lantarki

Ƙa'idar wutar Nijeriya bolt 230 ce, amma takan hau takan sauka, ta janareta ma haka. A sa sitabilaiza, a haɗa da batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, wanda zai ba malami 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe.

5. Abin da ke kan hakimi

Kome kyawun na'ura, wata rana za ta tsaya. Hakimi ya umarci malaminsa kowace Alhamis ya kwafe takardun ofis cikin wata ma'ajiya dabam, a kulle ta a wani ɗaki, manyan takardu kuma a buga su a sa hatimi. Ya riƙa tambaya da kansa ko an yi. Rigakafi ya fi magani, amanar jama'a kuwa a wuyan shugaba take. Allah Ya taimaki Sarki da hakimansa bisa riƙon ta, amin.