Yadda Ake Raba Ragar Taga da Ƙwari a Farkon Damina

Da zarar ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu zuwa Yuni, ragar taga kan cika maƙil da ƙwari da magariba: ga shinge, ga hangara, ga ƙananan ƙwarin fitila, ga kuma sauro. Yawancinsu haske ne ke kiransu, don haka daga fitila ake fara gyara.

Da farko a sauya ƙwan fitilar da ke kusa da taga. Farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi ya fi jan ƙwari, mai ruwan ɗorawa kuwa bai cika jansu ba. A riƙa sakin labule tun kafin a kunna wutar ɗaki. Fitilar tsakar gida kuma a mayar da ita can nesa da taga, ƙwarin su bi ta can. Daren da shinge ya fito, a ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinta. Suna kewaya hasken suna faɗawa ciki, da safe kaji su samu kalaci.

Sai wankin raga. A sa busasshen burushi mai laushi a share daga sama zuwa ƙasa, a kakkaɓe fukafukai da yanar gizo da ƙurar hunturu da ta toshe idanun ragar. A bi da soso da ruwan omo, a ɗauraye, a bar iska ta busar. Kada a danna da ƙarfi, don kada ragar ta saki daga jikin katako. In an ga hangara, a ture ta da tsintsiya. Murƙushe ta da hannu na tayar da bororo a fata.

Bayan ta bushe, a shiga ɗaki da rana a bi ragar da ido, musamman kusurwoyi da wajen ƙusoshi, inda ta fi yagewa. Ƙaramar huda a yanko ƙyallen raga a ɗinke a kai. Babba kuwa aikin kafinta ne. In za a sayi sabuwa, a nemi wadda idonta bai wuce milimita 1.5 ba.

Sauro shi kam numfashin mutum da warin jikinsa yake bi, sauya fitila ba zai kore shi ba. Lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwansa ke zama sauro a ruwan da ya kwanta. Saboda haka duk mako a kife gwangwanaye, a zubar da ruwan tsofaffin tayoyi, a rufe randa, a yashe kwata.

Feshi shi ne na ƙarshe. A sayi maganin ƙwari mai takardar bayani a jiki, a fitar da yara, a rufe abinci. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalba ba suna a guje ta, guba ce. Ko raga ta yi kyau, yara da masu juna biyu su kwana cikin gidan sauro.