Yadda Ake Buɗe Fayil ɗin da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

Wanda ya taso daga Maruta zuwa Gwaram ko Birnin Kudu don a buga masa hoton fasfo ko takardar shaida a shagon kwamfuta ya riga ya kashe kuɗin mota da rabin yininsa. Babu abin da zai fi ƙona masa rai kamar mai shago ya duba allo ya ce, "Malam, fayil ɗin nan ya lalace, sai dai ka koma ka sake ɗauko wani." Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta taimako babu a kwamfutar, ita kuma ba ta fito fili ta faɗa ba.

Abin da take faɗa shi ne ke ruɗa mutane. Wani lokaci ta ce ba ta aiki da irin wannan fayil, ta yi shiru. In bidiyo ne, sai ta jefo lamba irin 0xc00d5212, ko a ji murya na tashi amma allo baƙi ƙirin. Mai shago ya ga haka sai ya yanke hukunci: bairos ne. Ai ko wasiƙar ajami aka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya, ba za a ce wasiƙar ta ɓaci ba. Mai karanta ta za a nemo.

Da farko kada a goge komai, kada kuma a yi wa memori ko filash fomat. A kwafi fayil ɗin zuwa kwamfuta, duk gwajin da za a yi a yi shi a kan kwafin.

Sai a duba wutsiyar sunansa, wato haruffan da ke bayan ɗigo, galibi uku ko huɗu. Windows kan ɓoye wannan wutsiya, abin da ni dai ban ga hikimarsa ba. A buɗe jakar da fayil ɗin yake, a shiga View, a sa alama a kan File name extensions. A Windows 11 sai an bi ta Show kafin a gan shi. Da zarar wutsiyar ta bayyana, an san inda aka dosa.

Wadda ta fi wahalar da masu shago a yau ita ce .heic. Tun daga 2017 da Apple ya fito da iOS 11, wayoyin iPhone suka koma ajiye hoto da wannan tsari maimakon JPG, domin ya fi ƙarancin cin wuri. Wasu wayoyin Samsung ma suna da zaɓin yin haka. Kafin Windows 10 ko 11 ta buɗe irin wannan hoto, tana bukatar abu biyu daga Microsoft Store: HEIF Image Extensions, wanda kyauta ne, da HEVC Video Extensions, wanda ake sayarwa ƙasa da dala 1. A nan ne mutane ke tuntuɓe. Mutum ya sauke na farko, ya sake gwadawa, hoto ya ƙi buɗewa, sai ya ɗauka dabarar ba ta ci ba, alhali na biyun ne ya rage. Na farko shi ya san yadda aka shirya fayil ɗin, na biyu kuma shi ke warware hoton da ke ciki. Abin da ya sa aka ware na biyun daban aka sa masa kuɗi shi ne fasahar HEVC tana da masu haƙƙin mallaka da ake biya. Wasu kamfanonin ƙera kwamfuta sukan biya tun daga masana'anta, shi ya sa za ka ga hoto ɗaya ya buɗe a wannan kwamfuta ya ƙi a ta kusa da ita.

Dala ɗaya ba wani abu ba ce a rubuce, amma ba kowane mai shago ne ke da katin bankin da zai yi sayayyar waje ba. Ga kuma tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo masu Windows 7, waɗanda ba su da Microsoft Store ɗin ma sam. To, akwai hanyoyin da ba sa cin ko sisi, kuma daga wayar suke farawa. Mai iPhone ya shiga Settings, ya zaɓi Camera, sannan Formats, ya taɓa Most Compatible. Duk hoton da ya ɗauka daga nan JPG ne. Na baya kuwa, ya shiga Photos a cikin Settings, a ƙarƙashin Transfer to Mac or PC ya zaɓi Automatic. In aka jona wayar da kebur, ita da kanta za ta riƙa juya su yayin kwafa. In ana sauri, a tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, ba a matsayin takarda ba, zai iso a JPG. Sai dai kyansa kan ɗan ragu: ya isa a cike fom ɗin neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, amma ba zai yi daɗin bugawa babba ba.

Wata dabara da ake yawan gwadawa ita ce a goge .heic a rubuta .jpg a wurinsa. Sunan kaɗai aka sauya, cikin yana nan yadda yake, kuma shafin cike fom zai iya ƙin karɓarsa. Shafukan intanet masu juya hoto kyauta suna aiki, amma wanda ya ɗora katin NIN ko sakamakon jarrabawar wani a kansu ya miƙa sirrin mutum ga wanda bai sani ba.

Sauran nau'o'in fayil ba su da wuya. Bidiyon biki ko na wa'azi da ya ƙi nuna hoto, da saƙon murya na WhatsApp mai wutsiyar .opus, duk VLC na buɗe su. Kyauta ce, ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke yin ta, kuma tana zuwa da kayan karatunta a ciki, ba ta aiken mutum neman ƙari. Fayil mai .rar ko .7z kuwa ƙunshi ne. Windows 11 ta fara buɗe su da kanta a 2023, waɗanda suka gabace ta sai an sa musu 7-Zip.

Sai gargaɗi. In aka rubuta lambar kuskuren a Google, shafuka da yawa za su fito suna cewa danna nan a gyara maka. Ta nan ainihin bairos ɗin ke shiga. Haka nan duk bidiyon da aka ce sai ka sauke wata manhaja ta musamman kafin ka kalle shi, ko "hoton" da wutsiyarsa ta zama .exe, a bar shi. A ɗauko manhaja daga shafin masu ita ko daga Microsoft Store kawai. In kuwa an yi duk wannan fayil ɗin bai buɗe ba, a duba nauyinsa: in ya nuna sifiri, ko ya gaza na cikin wayar, turawar ce ta yanke a hanya, sai a sake.

Laifin ruɗanin nan, a ganina, na masu rubuta manhaja ne. Manhajar da ta gane irin fayil ɗin har ta ƙi shi, ba abin da zai hana ta faɗin sunan abin da ya rage, da inda ake samunsa, da ko na kuɗi ne. Wasu sababbin fitowa sun fara yin haka, saura kuwa har yanzu lamba suke jefo wa mutum.

Kafin su gyara, ku masu shaguna a Gwaram da Birnin Kudu, ranar da aka samu wuta da data ku sauke VLC da 7-Zip ku ajiye a filash guda, ku kuma bar wutsiyar fayil a bayyane a kowace kwamfuta. Kada ku mayar da wanda ya zo daga nesa gida sai kun duba ta.